Injin huda ramin haɗa katako: yadda muke aiki da shi a shagona

Ƙofofi, tagogi da ƙafafun tebur su ne yawancin aikinmu, kuma dukkansu sai da rami da harshen da zai shige shi. Da cizal da guduma muke sassaƙa ramukan kafin mu samu wannan inji, irin wanda wasu 'yan'uwa masu suna Greenlee suka ƙirƙira a Amurka a 1874.

Bakinsa abu biyu ne: cizal mai kusurwa huɗu da rami a cikinsa, sai bakin huji mai murɗiya da ke juyawa a ciki. Mai murɗiyar ne ke cin katakon ya kwaso ɓarɓashin zuwa sama, cizal ɗin kuwa gyara kusurwoyi kawai yake yi. Shi ya sa na fi damuwa da tazarar da ke tsakaninsu a kan komai. Dole bakin hujin ya ɗan leƙo ƙasa da cizal da kamar milimita 1.5. In suka matse, za ka ji ƙara, hayaƙi ya tashi, ƙarfen ya koma shuɗi. Cizal ɗin da ya yi shuɗi ya gama riƙe kaifi, wani lokacin ma tsagewa yake yi.

Yaran shago sukan rataye a hannun injin in ya ƙi shiga. Ba ƙarfi ne ya gaza ba, baki ne ya dakushe. Ta ciki ake wasa cizal ɗin da dutse mai tsini, a goge bayansa ya yi santsi, a kankare ƙaron da ya manne, a ɗan shafa masa kaki.

Nakan fara huda ƙarshen ramin biyu, sannan in cinye tsakiya. In ka bi a jere, cizal yakan karkace zuwa inda babu katako. Tsagar da ke gefen cizal ɗin ta kalli inda aka riga aka huda, don ɓarɓashi ya samu mafita. Katakon kuma a danne shi sosai, in ba haka ba zai biyo cizal sama.

Faɗin ramin kusan kashi ɗaya cikin uku na kaurin katako ne, zurfinsa ya ɗan fi tsawon harshen saboda gam. Ramin ake fara yi, sannan a fere harshe daidai da shi, domin rage harshe ya fi gyara rami sauƙi.