Sauya Suna da Kalmar Sirrin Wifi na Gida

Idan ma'aikatan kamfanin intanet suka haɗa maka na'urar wifi a gida, sukan bar ta da suna da kalmar sirrin da ke manne a ƙarƙashinta, kuma a ganina barin su haka ganganci ne, domin duk wanda ya ɗaga na'urar zai karanta su.

Ka buɗe burauza, ka rubuta adireshin da ke jikin na'urar, galibi 192.168.1.1 ko 192.168.0.1, sannan ka shiga saitin wifi. Tsarin WPA2 ba ya karɓar kalmar da ta gaza haruffa 8, amma gara ka tsawaita ta sosai. Kada sunan ya nuna gidanku. Kalmar shiga saitin daban take, ita ma ka sauya ta. Bayan haka dole a sake haɗa kowace waya.