Waya mai bakin zinariya, da abin da kunnena ya daina ji

Shekara 26 ke nan ina ba da hayar lasifika a Aboabo, nan Kumasi. Ɗaurin aure, suna, maulidi, tafsirin azumi, duk na ja musu waya. Shi ya sa da ɗan yayata ya dawo daga Jamus ya miƙo mini wata wayar haɗa sauti mai kauri, baki biyu na zinariya, ya ce, "Kawu, wannan in ka sa ta sai ka ji kamar mai waƙar yana gabanka," na karɓa da murna. Kuɗin da ya faɗa zai sayi amfilifaya ɗaya a Adum.

Ranar Lahadi muka rufe ƙofar shago rabi, muka rataya zane a bayan tebur. Yarona mai koyon aiki ya shiga bayan zanen, yana sauya sabuwar wayar da tawa ta jan ƙarfe mai mita uku, ba tare da mun san wace ya sa ba. Karatu ɗaya, murya ɗaya, ƙarfi ɗaya. Sau goma muka yi. Na dace sau huɗu, mai wayar ya dace sau shida. Mai jefa kwabo sama ma abin da zai samu ke nan. Ya yi shiru, ni ma ban ji daɗi ba, domin da zuciya ɗaya ya kawo tsarabar.

Kada wani ya ce na ce waya ba ta da tasiri. Na sha wahalarta. In ka ja siririyar waya mita hamsin zuwa lasifika mai om 4 (om shi ne ma'aunin yadda abu ke hana wuta wucewa) a kan hasumiyar masallaci, ƙarfin zai zube a hanya kafin ya isa, muryar ladan ta fito a shaƙe. Akwai kuma wadda ake sayarwa da sunan jan ƙarfe, alhali alminiyam ce aka shafa mata ja a baya. Kankare ta da wuƙa ka ga fari. Ita ta fi hana wuta wucewa, kuma tana saurin karyewa a bakin jak. Wayar makirufo ma in doguwa ce, sai mai fil uku, irin ta XLR, in ba haka ba ta kwaso maka gurnanin wutar gida, wanda ke kaɗawa sau 50 a daƙiƙa. Kauri, tsawo, da haɗi mai tsafta da dalma ta kama sosai: nan maganar take. Zinariyar nan amfaninta hana tsatsa, kuma a damina irin ta Kumasi wannan ba ƙaramin abu ba ne, amma ba ta ƙara wa sauti komai.

Abin da ya hana ni barci daga baya ya zo. Yaron ya buɗe wata manhaja a salularsa mai fitar da fito, yana ƙara siranta shi a hankali. Kunnen ƙuruciya yana kamawa daga karkarwa 20 zuwa wajen 20,000 a daƙiƙa. Da ya kai 12,000 sai na ce, "Me ya sa ka kashe?" Ya dube ni ya ce, "Maigida, yana nan yana yi." Ya toshe kunne ɗaya da yatsa, fuska a yamutse, har ya wuce 17,000. Ni kuwa injin niƙan maƙwabta kawai nake ji.

Na tuna muna yara a Asawase, tun daga zaure nake sanin an kunna talabijin a ɗaki ko da an kashe murya. Tsohuwar talabijin mai ƙeya tana wani siririn kuka a kan karkarwa 15,625 a daƙiƙa. Ban san ranar da na daina jin sa ba. Na ɗauka talabijin ɗin ne suka gyaru.

A can cikin kunne akwai wasu ƙwayoyi masu gashi-gashi da ke karɓar sauti. Masu karɓar siririn sauti su ke fara mutuwa, kuma wadda ta mutu ba ta tsirowa. Shekaru na cin su, ƙara kuma tana gaggauta abin. Ma'aunin da aka sani a wuraren aiki shi ne ƙara mai ƙarfin desibel 85 na awa takwas, kuma duk ƙarin 3 yana raba lokacin biyu. Ni da nake tsayuwa dab da akwatin lasifika tun la'asar har tsakar dare, wane lissafi zan yi? Yanzu na gane abin da ya sa a taron suna nake jin mutum na magana amma "sa" da "fa" da "sha" suna cakuɗe mini, da abin da ya sa samari ke cewa sautina ya cika tsini. Ina ta murɗa siririn sauti sama ne don in cike abin da kunnena ya rasa, ina soke kunnuwan jama'a ban sani ba. Wannan ya dame ni ƙwarai.

Tun ranar na bar wa yaron wannan maɓallin a kan miksa. Ni na riƙe na gurnani da na murya. Na saya mana abin toshe kunne na soso, kowa nasa, na ce ba mai matsawa kusa da akwati sai da shi a kunne. Wayar zinariya tana kan ƙaramar rediyon ɗakina, don kada mai kyautar ya ji ba daɗi. Ranar Talata kuma, in Allah ya yarda, zan je sashen kunne na asibitin Komfo Anokye a auna ni, kuma zan tafi da yaron a auna nasa tun yana da shekara 19.