Ranar Liƙa Sakamako

Shekara shida ina riƙe da aikin kodinetan 'yan aji biyu a sashenmu na jami'a, kuma babu ranar da ta fi yi mini nauyi kamar ranar liƙa sakamako. Daga tagar ofishina ina hango allon sanarwa. Za ka ga ɗalibi ya ɗora yatsa a kan lambar rajistarsa yana bin layi, sai yatsan ya tsaya cak. Wani ya juya ya tafi ko waige babu. Wani kuwa ya daskare a wurin har sai abokinsa ya ja hannunsa.

A shekarun farko, duk wanda ya shigo mini da kari-oba, wato kwas ɗin da ya faɗi sai ya maimaita shi, magana ɗaya nake yi masa: "Ka yi haƙuri, haka Allah Ya ƙaddara, ka ƙara dagewa." Maganar gaskiya ce, har gobe ina faɗarta. Sai dai na lura cewa waɗanda na bai wa haƙurin su ne ke dawowa baɗi da faɗuwa a kwas ɗin da ya kayar da su bara. Ashe ina sallamarsu ne ba tare da mun san abin da ya kayar da su ba.

Wanda ya buɗe mini ido wani yaro ne da ya zo bayan yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU na 2022, wanda aka fara ranar 14 ga Fabrairu aka janye a 14 ga Oktoba. Wata takwas yara suna gida, aka dawo aka matse zangon karatu, aka shiga jarrabawa a gurguje. Shi ne na farko a gidansu da ya taka jami'a, mahaifinsa ɗan kasuwar hatsi ne, kuma tun daga firamare bai saba da komai ba sai na ɗaya ko na biyu. Ya faɗi kwas uku, ciki har da nawa, ya ɓoye wa gida. Ya zauna a bakin kujera, gumi na tsattsafo masa a goshi ga shi ana sanyin hunturu, ya ce, "Malam, wallahi na yi karatu. Da na shiga zaure sai kaina ya kulle."

Na jawo takardar gwajinsa ta tsakiyar zango, wadda bai taɓa zuwa karɓa ba, na ajiye a gabansa. Ya kau da kai. Na ce masa ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma na ga hannunsa na rawa, na gane ba zai iya karanta ko layi ɗaya a wannan hali ba. Sai na kife takardar. Na ce ya jingina, ya sauke kafaɗu, ya ja numfashi a hankali ta hanci ya sake, yana ƙirgawa har goma, in tunani ya ɗauke shi ya dawo ya fara daga ɗaya. Sau uku yana komawa ɗaya. Can ya ce, "Malam, mu duba."

Abin da muka gani ya ba ni mamaki. Shafi biyu cur ya ɓata a kan tambaya ta farko, yana rubutawa yana sokewa. Ta uku da ta huɗu bai taɓa su ba. Na ba shi farar takarda, a gabana ya amsa su cikin minti goma sha biyar, daidai. Wannan yaron ne da a ce na bi tsohuwar hanyata zan ce masa ya ƙara dagewa, ya je ya ƙara kwana a aji yana shan shayi mai kauri, ya ƙara jigata ƙwaƙwalwar da tsoro ya riga ya cika ta.

Tun daga ranar, duk wanda ya faɗi sai mun raba makin da ya rasa gida uku a kan takarda: abin da bai sani ba sam, abin da ya sani firgici ya kore shi, da inda bai fahimci tambayar ba. Kowane gida da maganinsa. Kuma da zarar ɗalibi ya ga faɗuwarsa ta zama jerin abubuwa biyar ko shida da za a iya gyarawa, yakan daina cewa "ni daƙiƙi ne".

Daga baya na bi sawun wannan horo na tattara hankali wuri ɗaya. Wani masani Ba'amurke, Jon Kabat-Zinn, ya fara koyar da shi a 1979 a makarantar likitanci ta Jami'ar Massachusetts, shiri na mako takwas don masu fama da ciwo mai daɗewa. A Jami'ar Kambirij ta Ingila an gwada irinsa a kan ɗalibai 616, aka ga waɗanda suka samu horon sun fi sauran sauƙin damuwa a lokacin jarrabawa. A 2011 kuma masu bincike a Jami'ar Shikago sun nuna cewa ɗaliban da tsoron jarrabawa ke damunsu, in suka yi minti goma suna rubuta abin da suke tsoro kafin a fara, makinsu yakan ƙaru. Dalilin a fili yake: wurin da ƙwaƙwalwa ke riƙe lissafi tana jujjuya shi ƙarami ne, in fargaba ta shige shi babu inda amsa za ta zauna.

Wasu abokan aikina sun ɗaga gira, domin tushen shirin Kabat-Zinn na komawa ga al'adar mabiya Budda, kuma ban ga laifinsu ba. Amma ni ban aro wa ɗalibaina ibadar kowa ba. Natsuwa tamu ce tun fil azal. A Bukhari da Muslim akwai hadisin mutumin da ya yi salla a gaggauce, Annabi (SAW) ya ce masa ya koma ya sake domin bai yi salla ba, har sau uku, sannan ya koya masa ya natsu a ruku'u, ya natsu a sujada. Ina tambayar ɗalibai, "A sallar Azahar ta yau, raka'a nawa zuciyarka ta halarta?" Yawanci shiru suke yi. Wanda yake koyon dawo da zuciyarsa sau biyar a yini, a zauren jarrabawa ma zai iya dawo da ita. Ɗalibaina Kiristoci ma nakan ce su nemi wannan natsuwar a cikin addu'arsu.

Akwai inda wannan bai kai ba, kuma yana ci mini tuwo a ƙwarya. Jan numfashi ba ya cika ciki. Ɗalibar da ke cin abinci sau ɗaya a yini, ko wanda ke tsaye ta taga yana sauraron lakca saboda zaure ya cika, zalunci ne a ce musu natsuwa kawai suka rasa. Haka nan wanda ya yi makonni ba barci, ya daina wanka, ya daina shiga mutane, ba ni ne maganinsa ba. Da ƙafata nake raka shi asibitin makaranta.

Yaron nan ya sake zama kwas ukun, ya ci biyu, ɗaya ya sake kayar da shi. Washegarin liƙa sakamako ya ƙwanƙwasa ƙofata, riƙe da takarda ya riga ya ja mata layi gida uku. Gidan firgici layi ɗaya kacal ne a ciki. Ya ce, "Malam, wannan karon ban iya ba ne, babi biyu ne ban gane ba. Kuma na faɗa wa Baba." Na ce ya jawo kujera, muka buɗe babi na farko.