Ƙugin jitata da jikka 18 da na zubar

Jitar lantarki ta farko da na mallaka ta hannu ce. Wani ɗan unguwarmu mai safarar kaya tsakanin Maradi da Kano ya sayo mini ita. An rubuta Fender a kanta, amma ko makaho ya shafa ya san kwaikwayo ce. Siffar Stratocaster gare ta, wata sananniyar ƙirar kamfanin jita na Fender, da fararen mikro 3 masu ɗauko muryar tsirkiya a jere ƙarƙashinta. Mikro muke cewa a nan, sunan da muka ara daga Faransanci. A Najeriya fikof suke cewa, sai ka yi hattara kar a nuna maka a-kori-kura.

A ɗaki ba ta taɓa ba ni kunya sosai ba. Ranar da ta tona mini asiri wurin biki ne a unguwar Zariya, bayan isha'i, an ɗauke wuta an tayar da gurup, wato janareta. Ina jona waya a amfili, akwatin ƙara sauti, sai zuuu, ƙugi ya cika fili. In ina kaɗawa ya laɓe ƙarƙashin kiɗa, da na tsaya ya fito. Gurup ɗin ma tsoho ne, in ya ja numfashi ƙugin ya sauka, in ya zabura ya hau. Mai kalangunmu, dattijon da ya girmi mahaifina, ya kalle ni ya ce, "Yaro, wannan garayar taka amya ka rufe a ciki?" Mata suka kwashe da dariya, ni kuwa na rasa inda zan sa kaina.

Washegari na kai ta rumfar wani mai gyaran rediyo da naɗin bobin fanka a bayan babbar kasuwa. Bai taɓa riƙe jita ba. Ya kwance murfin roba, ya juya mikro ɗaya a tafin hannunsa, ya ce, "Ɗana, wannan ai bobin ce." Kuma gaskiyarsa. Mayen ƙarfe ne aka naɗa wa wayar jan ƙarfe siririya kamar gashi, zagaye wajen 8,000. Tsirkiyar ƙarfe na girgiza a samansa, girgizar na haifar da ɗan lantarki a cikin naɗin, amfili ya ɗauka ya ƙara masa ƙarfi. Ba sauti yake ji ba, motsin ƙarfe yake bi, shi ya sa in ka ɗaura tsirkiyar roba shiru za ka ji. Matsalar ita ce bobin ba ta da tsantseni. Duk abin da wayoyin wuta da tiransifoma ke watsawa a kusa sai ta kwasa. Wutarmu kuwa tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa, wanda a kunne ya kusa zama sautin sol na do-re-mi mai zurfi. Ta Amurka 60 ce, nasu ƙugin ya ɗan fi namu tashi.

Da na shiga bincike na ga an daɗe da samo magani. Wani injiniyan kamfanin Gibson mai suna Seth Lover ya nemi rajistar ƙirarsa a 1955, a 1957 aka fara sa ta a jitar Les Paul. Hambaka ake kiranta, wato mai ture ƙugi. Bobin biyu ne gefe da gefe, an juya wa ɗaya naɗi an kuma juya mata fuskar maye. Ƙugin da ya shigo ta nan sai ya ci karo da wanda ya shigo ta can su kashe juna, muryar tsirkiya kuma ta haɗu ta ninka. Ban tsaya tambayar kowa ba, na aika jikka 18, sefa dubu 18 ke nan, aka kawo mini guda. Baba mai rediyo ya yanka robar da zarto muka dasa ta kusa da gada, wajen da tsirkiyoyi ke ɗaure.

Ƙugi ya mutu murus, wannan ba ƙarya. Amma jitar ta koma kamar mai magana da lomar tuwo a baki. Muryar ta yi kauri, ta yi nauyi, tsinin nan da ke ratsa taro ya ɓace. Daga baya na gane dalili. Yawan naɗi yana ƙara ƙarfi amma yana cinye siririn sauti, kuma bobin biyu suna sauraren faɗin tsirkiya fiye da guda, sai wasu ƙananan amo su shafe juna. Ga kuma kuskurena: maɓallan ƙara da ragewa na jitata masu lamba 250k ne, waɗanda aka yi don mikro mai naɗi ɗaya, alhali hambaka da 500k ake haɗa ta. Na ɗora duhu a kan duhu ke nan.

Ban ce hambaka ba ta da kyau ba. Wanda ke son amfili ya yi gurnani, ya danna tsirkiya ɗaya ta yi ta kuka ba ta yanke ba, ita ce abokiyarsa. Mu kuwa namu kiɗan yatsu ne masu gudu, ɗaya bayan ɗaya, irin yadda mai gurmi ke tsinke sauti, kuma dole su fito a saman kalangu biyu da guɗar mata. Dubi Mdou Moctar, bahagon nan namu da ke yawo duniya: Stratocaster yake riƙewa. Kunnena da irin wannan muryar ya saba, sai da na rasa ta na san haka.

Bayan biki biyu na koma rumfa. Baba ya ce, "Ka dawo a mayar da uwargida ɗakinta?" Na ce a mayar.

Abin haushi, rabin maganin yana jikin jitar tun ranar da aka kawo ta. Ɗan sandan nan na zaɓen mikro yana da matsaya 5. Ni kullum a ta ƙarshe nake barinsa. A matsaya ta 2 da ta 4 mikro biyu ke aiki tare, kuma a jitoci da yawa na zamani an juya naɗi da mayen na tsakiya da gangan, sai su biyun su zama hambaka a ɓoye ba tare da muryar ta yi kitse ba. Tawa ma haka take. Kamfanin Fender sai a 1977 ya fara sa mai matsaya 5. Kafin nan makaɗa da dabara suke tsayar da mai 3 a tsakani. Mun kuma shimfiɗa takardar alminiyon a ramin jitar muka haɗa ta da wayar ƙasa. Wannan ya kashe tsiririn kukan da dogayen fitilu da cajar waya ke jawowa, amma ƙugi mai zurfi bai ji ba. Shi sai ka matsa daga amfili, ka juya jikinka a hankali har ka samu kusurwar da ya fi lafawa. Yanzu kafin a fara biki za ka gan ni ina juyi kamar mai neman alƙibla.

Abin da ya fi canza muryar kuwa turnabis ne, abin murɗa kusa. Kowane mikro yana da kusoshi biyu masu murɗawa, sama ko ƙasa. Wanda ya sayar mini ya ɗaga nawa har sun kusa lasar tsirkiya, don a ji ƙara a yi ciniki. Maye in ya matso da yawa yana jan tsirkiya, sai babbar ta riƙa rawar murya kamar ba a saita ta ba. Na danne tsirkiya a matakin ƙarshe na wuya, na bar tazarar milimita 2 zuwa 2 da rabi, kaurin tsinken ashana ke nan, ɓangaren masu kauri ya ɗan fi nisa. Sai ga jitar ta buɗe baki.

Maganar irin maye ita ce ƴan kasuwa suka fi zuzutawa. Juya mikron ka gani: in akwai baƙin sanda manne a ƙasa, na siramik ne, mai araha. In babu, ƙusoshi shidan da ke saman mikron su ne mayen da kansu, alniko ke nan, gamin alminiyon da nikel da kobalt a cikin ƙarfe. Na sauya mikron wajen wuyan jitar zuwa alniko, kuma na ji ya fi taushi. Amma sabuwar tsirkiya bayan wata uku na zufa da ƙurar hunturu ta fi wannan bambancin fitowa fili. Mikro masu batir na bolt 9 kuwa shiru gare su ƙwarai, sai dai ni ba zan ƙara wa kaina abin da zai iya mutuwa ana tsakiyar liƙi ba.

Hambakar tana nan cikin gwangwanin madara a saman kwabata. Wani yaro da ke kaɗa wa coci, mai son gurnani, ya zo sau biyu yana cewa, "Yaya, jikka 8." Na ce 12, kuma sai ya yi alkawarin sauya maɓallansa zuwa 500k. Ya ce zai dawo Asabar.