Godiya bayan kare kundina a kan wuta-wuta

Alhamdulillahi. Jiya na kare kundin digirina na biyu a gaban malamai, kuma Allah Ya sa an amince da aikin, saura 'yan gyare-gyare. Saƙonnin taya murna sun yi yawan da ba zan iya bin su ɗaya bayan ɗaya ba, shi ya sa na haɗa godiyar a nan.

Baba da Inna, Allah Ya saka muku da Aljanna. Malamina da ya duba aikin, na gode da haƙuri, har da jan biron da a lokacin ba na jin daɗinsa. Haka ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje, da manoman da suka ba ni aron gefen gonakinsu inda wuta-wuta ta fi yin ɓarna. Wani dattijo a cikinsu sai da ya yi mini dariya, wai ciyawar da ta gagari kakansa ce zan kawar da biro da takarda. Duk da haka shi ya riƙa kore mini awaki.

Akwai kuma mutumin da ban taɓa gani ba, amma rabin kundin a kan aikinsa ya tsaya: Farfesa Gebisa Ejeta, ɗan ƙasar Habasha, masanin ƙwayoyin gadon tsirrai a Jami'ar Purdue da ke Amurka. Shi ya samar da irin dawar Hageen Dura-1 mai jure fari, wanda aka fitar a Sudan a 1983, kuma da hannunsa a irin NAD-1 na Nijar.

Abin da ya fi amfanata shi ne aikinsa a kan wuta-wuta. Ƙwayar irinta takan yi shekaru a kwance cikin ƙasa, ba ta tsirowa sai ta ji wani sinadari da saiwar dawa ke fitarwa, sannan ta maƙale wa saiwar tana tsotsa. Kafin manomi ya ga furenta a sama, ta gama cinye amfanin. A 1992 Ejeta da Dale Hess da Larry Butler suka wallafa hanya mai sauƙi ta tantance irin dawar da ba ya tada ta: a zuba ƙwayoyin wuta-wuta cikin agar, wani abu mai daskarewa garai-garai da ake tsirar da iri a cikinsa, a ɗan faranti, a dasa tsiron dawa, a jira, sannan a auna iya nisan da ƙwayoyin suka tsiro daga saiwar. Idan bai kai santimita ɗaya ba, irin yana da alamar juriya. Da wannan hanyar na gwada irin da na tattaro a ƙauyuka. Ranar da na leƙa madubin ƙara girma na ga farantin SRN39, wani irin dawa mai jure wuta-wuta, kusan wayam, na kusa da shi kuma ya cika da fararen tsirrai, ranar na yarda da abin da nake karantawa. A 2017 shi da abokan aikinsa suka bayyana ƙwayar gadon da ke jawo wannan juriya, LGS1, a mujallar PNAS.

A wajen kare kundin an tambaye ni dalilin da sunansa ya cika shafukan. Mu a jami'a mun saba auna malami da yawan maƙalu da yawan waɗanda suka ambace su, saboda da shi ake ƙarin girma. Shi ma yana da su, ga Kyautar Abinci ta Duniya a 2009, ga lambar kimiyya ta ƙasar Amurka a 2023. Ni dai abin da na gani, ɗalibi marar kuɗi, a ɗakin gwajin da ake ɗauke wuta, ya iya maimaita aikinsa ya sami sakamako. Allah Ya ƙara masa lafiya.

Manoman da suka taimaka, alkawari na nan: kafin ruwan shuka zan dawo in yi muku bayanin abin da aka samu da Hausa. Masu neman kwafin kundin, a yi mini haƙuri sai na kammala gyara an sa hannu. Wanda ban ambata ba ya yafe mini, Allah Ya bar zumunci.