Ranar da na miƙa alƙalami ga mai kaya

A shekarun farko na aikina a gidan adana kayan tarihi, na ɗauka shirya baje koli aikin masana ne kawai. Mu ne za mu zaɓi kaya, mu jera su cikin gilashi, mu manna ɗan bayani. Idan ma mun gayyaci jama'a, sai an gama komai sannan a ce su faɗi ra'ayinsu. Wane ra'ayi kuma, bayan fenti ya bushe?

Wata dattijuwa ce ta fara buɗe mini ido. Mun roƙi mutane su ara mana kayan sana'ar iyayensu, ita kuma ta kawo keken ɗinkin marigayi mijinta. Na rubuta layi biyu a kan ƙirarsa da zamanin da aka yi yayinsa. Da aka karanta mata sai ta yi jim, ta ɗora yatsa a gefen keken inda fenti ya goge har ƙarfe ya fito, ta ce, "Ɗana, ka manta da nan. Nan tafin hannunsa yake zama. Da keken nan ya ciyar da mu, ya sa yara makaranta." Na cire nawa bayanin, muka zauna tana faɗa ina rubutawa. Har aka rufe baje kolin, babu inda mutane suka fi daɗewa a tsaye kamar gaban keken nan.

Masu fasaha kuwa, da can ado nake kiransu su yi mana. Sai da na karanta abin da wani mai fasaha, Fred Wilson, ya yi a birnin Baltimore na Amurka a 1992 na gane kuskurena. Ƙungiyar tarihi ta Maryland ta buɗe masa ɗakin ajiyarta, shi kuma ya ɗauko marin ƙarfe da ake ɗaure bayi da shi, ya ajiye a tsakiyar kwanukan azurfa na masu hannu da shuni. Duka kayan gidan ne, shekara da shekaru suna nan, amma sai da baƙon ido ya zo aka haɗa su wuri ɗaya. A birnin Cape Town na Afirka ta Kudu ma, gidan tarihin unguwar District Six da aka buɗe a 1994 ya shimfiɗa taswirar unguwar a ƙasa, mutanen da gwamnatin wariyar launin fata ta kora, su fiye da 60,000, suna zuwa suna rubuta sunayensu a inda gidajensu suke a da. Ban yi mamaki ba da majalisar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta sa hannun al'umma cikin sabuwar ma'anar gidan tarihi da ta amince da ita a Prague a 2022.

Aikin da wuya, gaskiya. Yana cin lokaci, kuma mutum biyu za su ba ka labari ɗaya ta fuska biyu, kowa ya dage nasa ne daidai. Na koyi rubuta duka biyun. Na kuma koyi cewa mai zane da mai ba da labari aiki suka yi, dole a sa haƙƙinsu cikin kasafi tun farko, a rubuta ranar mayar da kayan aro a cika alkawari.

Yanzu zaman farko na kowane baje koli da su ake yinsa, tun bango yana fari, ba a ko raɗa wa abin suna ba.