Ranar da na zaɓi ɗakin kwana a jirgin ruwa

Talata, Maradi.

Bayan sallar asuba ƙanena da ke zaune a birnin Marsai na ƙasar Faransa ya turo mini taswirar jirgin ruwan yawon buɗe ido ta WhatsApp, ya ce in zaɓi ɗakin da zan kwana a tafiyar kwana 7 da za mu yi a Bahar Rum, daga Marsai zuwa Basalona, sannan Italiya. Ni da ko a motar Yamai sai na riƙe leda kafin mu kai Birnin Konni, na daɗe ina kallon taswirar gabana yana faɗuwa.

Idona ya fara sauka a kan wani ɗaki mai baranda, can hawa na sama ta wajen goshin jirgin. Da na nuna masa sai ya yi dariya, ya ce: "Yaya, nan ne ya fi ko'ina tangaɗi." Ya bayyana mini cewa gaba da baya su ne suke tashi suna sauka idan igiyar ruwa ta taso, tsakiya kuwa, musamman a hawan ƙasa, motsinta kaɗan ne, kuma hanyar Basalona tana ratsa inda wata iska mai ƙarfi da ake kira Mistral take tayar da teku. Na haƙura da baranda, na ɗauki ɗakin tsakiya mai taga, ko da yake marar taga ya fi araha.

Da la'asar na biya farmasi kusa da babbar kasuwa. Mai maganin ya ce jirin yana tasowa ne idan cikin kunne ya ji motsi alhali ido yana ganin bango tsaye cik, don haka mutum ya riƙa duban inda sama ta haɗu da ruwa, ya bar karatu a waya. Ya ambaci maganin sikofolamin da ake liƙawa a bayan kunne sa'o'i kafin tashi, wanda yake aiki kwana 3, amma yana busar da baki kuma bai dace da mai hawan jinin ido ba. Gobe zan nemi shawarar likita.

Uwargida ta daka mini busasshiyar citta ta ƙulle a leda, tana tsokanata cewa kakanninmu sun ƙetare Bahar Maliya daga Sudan zuwa Jidda ba su zaɓi ɗaki ba. Na manta ban tambayi ƙanena yadda yake gane alƙibla idan jirgin ya juya cikin dare ba.